Ƙwallon Garuruwan Kwal da Abin da Tsofaffi Suka Riwaito

A cikin watan Mayu na shekarar 1951, sa'ad da Birtaniya ba ta gama farfaɗowa daga wahalar Yaƙin Duniya na Biyu ba, har nama da sukari ba su samuwa sai da katin rabo, mutum 77,650 suka shiga filin Hampden na birnin Gilasgo domin su kalli wasan ƙwallon ƙafa tsakanin ƙungiyoyi biyu waɗanda, in da an ambaci sunayensu a Landan a ran nan, da wuya a sami wanda zai ɗaga kai. Ɗaya ita ce Petershill, ta unguwar Springburn, inda ake ƙera kawunan jiragen ƙasa ana kai su Indiya da Afirka. Ɗayar kuwa Irvine Meadow, ta wani gari na bakin teku a lardin Ayrshire. Ci ɗaya tak aka yi, Petershill ta ɗauki kofi. 'Yan wasan da suka tara wannan jama'a ba ƙwallo ke ciyar da su ba, gama kowannensu yana da wurin aikin da zai koma ranar Litinin da asuba. A yau duk faɗin ƙasar Sikotilan babu filin wasa ko ɗaya da zai ɗauki adadin mutanen da suka taru a ran nan, har shi Hampden ɗin, wanda tun da aka sake gina shi da kujeru bai wuce mutum dubu hamsin da 'yan kai ba.

Wannan ƙwallo ita mutanen ƙasar ke kira ta Juniya, kuma kada mai karatu ya ɗauka ta yara ce, domin magidanta ne ke buga ta, waɗansu har da furfura. Mataki ne na ƙananan ƙungiyoyi, na ƙauyuka da unguwanni, wanda ke ƙarƙashin matakin manya irin su Rangers da Celtic da Hearts, yana da hukumarsa ta kansa tun 1886, da kofinsa, da dokokinsa, da alƙalansa, kuma shekaru fiye da ɗari babu wata ƙofa da ƙungiyar Juniya za ta bi ta hau sama don ta yi nasara, ko ta manya ta faɗo cikinsu don ta gaza. Duniya biyu ce a ƙasa ɗaya a wancan zamani, ɗan wasa yakan ƙetare daga wannan zuwa waccan, amma ƙungiya tana nan inda aka haife ta.

To, waɗanda suka ga zamanin nan da idonsu sun yi ƙaranci ƙwarai, gama yaron da ubansa ya ɗauka a kafaɗa zuwa Hampden a 1951 ya kusa tamanin ko ya haura yanzu, in yana raye. Abin da ya rage shi ne riwayarsu, kuma wanda ya saba da hanyar malamanmu ta auna labari, ba don a daidaita wasa da abin da ya fi ƙarfin wasa ba, zai ga cewa tana da amfani a nan: a dubi mai faɗa, a dubi abin da ya faɗa, a nemi wata shaida daga waje. Abin da ya ba ni mamaki da na bi wannan hanya shi ne, ɓangaren labarinsu da ya fi kama da ƙarin gishiri shi ne ya fi inganci, alhali ɓangaren da ya fi daɗin ji, wanda zuciya ke saurin gaskatawa, shi ne mai rauni.

Mu fara da ingantaccen. In tsoho ya ce a zamaninsu gari kan tashi kacokan ya bi ƙungiyarsa zuwa Gilasgo, a rufe kantuna, a jera jiragen ƙasa na musamman, har ba a bar kowa ba sai jarirai da marasa lafiya, jikokinsa sukan yi murmushi, amma littattafan hukuma da jaridun lokacin suna bayansa. A 1949, da Auchinleck Talbot ta doke Petershill da ci uku da biyu, 'yan kallo sun haura 68,000, alhali Auchinleck ƙauyen mahaƙa kwal ne wanda mutanensa duka, manya da yara, ba su cika kusurwa ɗaya ta filin ba. A 1952, da Kilbirnie Ladeside ta ci Camelon, sun kusa 70,000. A 1959 ma, da Irvine Meadow ta share hawayenta a kan Shettleston, sun haura 65,000. Wannan labari ya kai matsayin tawaturi, ba ya bukatar rantsuwar kowa.

Dalilan wannan cinkoso ba ɓoyayyu ba ne. An sallami sojoji sun komo gida bayan shekara shida na yaƙi, aiki yana neman mutum maimakon mutum ya nemi aiki, domin ƙasa tana bukatar kwal da ƙarfe da jiragen ruwa don ta biya bashin da ta ci. Sai ga ma'aikaci da 'yan sulalla a aljihu, amma babu abin saye, tun da rabon abinci bai ƙare sarai ba sai 1954. Mota sai gidan likita ko manaja. Talabijin bai iso Sikotilan ba sai 1952, kuma ya daɗe kafin ya shiga gidan lebura. Ranar Lahadi kuwa, a ƙasar da cocin Furotesta ke da ƙarfin faɗa a ji, rana ce ta ibada da kame kai, ba a buga ƙwallo, ba a buɗe wuraren shaƙatawa. Saboda haka duk nishaɗin mako ya tattaru a cikin 'yan sa'o'in nan na Asabar bayan azahar, daga lokacin da aka busa ƙahon tashi daga aiki zuwa faɗuwar rana, wadda a hunturun ƙasar tana faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu.

Amma wannan bayani ya shafi manyan ƙungiyoyi ma, waɗanda su ma suka cika filayensu a shekarun nan. Abin da ya keɓanta da Juniya shi ne yadda aka gina garuruwan. Yawancinsu gari ɗaya sana'a ɗaya ne: Auchinleck da Cumnock da New Cumnock da Shotts da Fauldhouse da Newtongrange kwal, Kilbirnie ƙarfen Glengarnock da masaƙar zare, Pumpherston dutsen da ake tatsar mai daga cikinsa, Govan ƙirar jiragen ruwa, Lochee ta Dundee masaƙun buhu. Mutumin da ke zaune a irin wannan wuri, maƙwabcinsa abokin aikinsa ne, surukinsa ma haka, ƙaho ɗaya ke tashinsu, lada ɗaya suke karɓa ranar Juma'a, haɗari ɗaya ke jiransu a ƙarƙashin ƙasa. Kamfani ko hukuma ke da ramin, su ke da gidajen da ake haya, kuma sunan ƙauyen ba ya fitowa a jarida sai in rami ya rufta. Ƙungiyar ƙwallo ita ce abu guda da ƙauyen ya mallaka da kansa, ita ce kuma hanya guda da sunansa zai shiga jarida ba tare da an yi makoki ba. Wanda ya taɓa ganin yadda ƙauye ke rakiyar ɗan dambensa zuwa wani gari bayan kaka, kowa na jin cewa in an kayar da shi garin aka kayar, ya san irin wannan hamasa. Idan aka bi jerin waɗanda suka ɗauki kofin bayan yaƙi, daga Fauldhouse United a 1946, da Bo'ness United a 1948, da Blantyre Victoria a 1950, zuwa Kilsyth Rangers a 1955 da Shotts Bon Accord a 1958, tamkar ana karanta taswirar mahaƙan kwal ne, sai jefi-jefi birnin Aberdeen na arewa ya tsoma baki, kamar yadda Sunnybank ta yi a 1954 da Banks o' Dee a 1957.

Riwayoyin 'yan kallo sun yi ittifaƙi a kan siffar ranar Asabar ɗin, har mutum zai zaci a fili ɗaya suka tsaya. Filayen da yawa mutanen gari ne suka gina su da hannunsu bayan tashi daga aiki, suka tara tokar kwal da ɓaraguzan rami suka yi tudun tsayawa, suka kafa masa matakala da tsofaffin katakan hanyar jirgi. Waɗansu kuma an same su daga asusun jin daɗin mahaƙa, wanda doka ta kafa a 1920 da harajin kwabo ɗaya a kan kowane tan na kwal. Kujera babu, rumfa kaɗan ce, ruwan sama kuwa ba ya fashi. Yaro marar ko sisi yakan tsaya a bakin ƙofa ya roƙi wani babba, ko bai san shi ba, ya ɗaga shi ya ƙetarar da shi ta saman ƙarfen shiga, mai karɓar kuɗi kuma ya kau da kai, domin shi ma haka ya fara. A hutun rabin lokaci ana sayen ɗan burodin da aka cusa wa niƙaƙƙen naman tunkiya, a kora da romon Bovril mai zafi. Tsakanin ɗan kallo da ɗan wasa babu abin da ya raba sai ƙarfe ɗaya ko igiya, don haka duk abin da aka faɗa ɗan wasa ya ji, kuma ya san muryar mai faɗa. Tsofaffin 'yan wasa sukan nanata wannan fiye da kome: wanda ya ɓarar da ci ranar Asabar ba shi da mafaka, gama waɗanda suka zage shi su ne za su shiga kejin sauka rami tare da shi ranar Litinin, su yi ta bitar kuskuren nan har ƙarshen mako, mai sayar da nama ma ya faɗa wa matarsa.

Akwai waɗanda ba su cika shiga labarin ba sai an tambaya, watau 'yan kwamiti da matan gari. 'Yan kwamiti su ke zana layin fili da farar ƙasa, su hura ƙwallo, su bi gida gida da takardun caca ta sa'a don tara kuɗin mota, su yi rigima da hukuma. Matan kuwa su ke wanke riguna goma sha ɗaya masu taɓo da hannu, a gidajen da ba injin wanki, su dafa shayin baƙi. Kofi in ya zo, hoton maza ake ɗauka.

Sai maganar ƙwarewar 'yan wasan, inda kowane tsoho ke da gwaninsa wanda, a cewarsa, da ya so da ya buga wa ƙasa, sai dai rami ko giya ko rashin sa'a suka tare shi. Wannan magana ba ta da hanyar tabbatarwa mutum mutum, amma a dunƙule tana da hujja mai ƙarfi. Ranar 25 ga Mayu 1967, a birnin Lisbon na Fotugal, Celtic ta doke Inter Milan da ci biyu da ɗaya, ta zama ƙungiyar Birtaniya ta farko da ta ɗauki Kofin Turai, kuma tara daga cikin goma sha ɗayan da suka buga sun bi ta Juniya: kyaftin Billy McNeill daga Blantyre Victoria, Jimmy Johnstone daga Blantyre Celtic, Tommy Gemmell wanda ya farke cin daga Coltness United, Stevie Chalmers wanda ya ci na biyu daga Ashfield, Bobby Murdoch daga Cambuslang Rangers, John Clark daga Larkhall Thistle, Bertie Auld daga Maryhill Harp, Willie Wallace daga Kilsyth Rangers, Bobby Lennox daga Ardeer Recreation. Mai horar da su, Jock Stein, shi ma Blantyre Victoria ya fara bugawa, kuma ya yi shekaru yana haƙar kwal yana ƙwallo tare. Jim Baxter, wanda da yawa ke ganin Rangers ba ta taɓa samun mai gwanintar ƙafar hagu kamarsa ba, yaron rami ne a lardin Fife yana buga wa Crossgates Primrose, sa'ad da Raith Rovers ta ɗauke shi a 1957 a kan fam 200. Dave Mackay da Alex Young daga Newtongrange Star suka tafi Hearts, kafin su yi suna a Ingila. Har Sean Connery, kafin duniya ta san shi a fim, ya taɓa sa rigar Bonnyrigg Rose.

Yadda abin ke gudana yana da hikima. Babbar ƙungiya in ta hangi yaro ɗan shekara goma sha shida ko sha bakwai, sai ta sa masa hannu ta wucin gadi, ta aika da shi wata ƙungiyar Juniya ya yi shekara guda ko biyu, domin ya koyi abin da ba a koyarwa a filin horo. Haka aka yi wa Kenny Dalglish, wanda Celtic ta tura Cumbernauld United a 1967 yana koyon kafinta. A can kuwa wa zai tarar? Tsofaffin 'yan wasan manya waɗanda ƙarfinsu ya fara ja baya, hukuma ta ba su izinin komowa Juniya, mutane masu shekara talatin da wani abu, masu iyali, waɗanda suka san kowace dabara ta halal da ta haram, kuma ba su ga dalilin da zai sa wani ɗan yaro ya kunyata su gaban surukansu ba. Yaron da ya fita daga hannun waɗannan da ƙafafunsa biyu lafiya, ya kuma iya riƙe ƙwallo a fili mai taɓo da jama'a na ihu a kunnensa, babu abin da zai firgita shi a Hampden. Ɗan kallo na ƙauye kuwa, da 'yan kwabbansa, yana ganin gwanin jiya da gwanin gobe a fili ɗaya, masu farautar 'yan wasa na manyan ƙungiyoyin Ingila suna tsaye a gefensa cikin dogayen kwat. Wannan ciniki bai rasa husuma ba, gama tun tsakanin 1927 da 1931 ƙungiyoyin yammacin ƙasar da dama sun ɓalle daga hukuma saboda manya na kwashe musu 'yan wasa ba tare da diyya mai ma'ana ba.

Yanzu sai ɓangare mai rauni, wanda shi ne ake faɗa da murya mai taushi: cewa zamani ne na mutunci, ana wasa mai tsanani amma mai tsabta, ana yi don ƙauna ba don kuɗi ba, kuma in an tashi kowa ya sha hannu da kowa. A nan littattafan da suka gaskata tsofaffi a kan yawan jama'a su ne ke ƙaryata su. Rahotannin hukuma cike suke da korar 'yan wasa, da rufe filaye, da alƙalan wasa da sai 'yan sanda suka fitar da su daga gari. Hamayyar Auchinleck da Cumnock, garuruwa biyu da tafiyar ƙafa ta rabin sa'a ke raba su, waɗanda mazansu ke aiki a ramuka ɗaya suna auren 'yan'uwan juna, ta yi suna a duk ƙasar saboda abin da ke biyo bayan busar ƙarshe. Ƙarar da ƙungiya ke kaiwa bayan an cinye ta, cewa abokiyar karawarta ta sa ɗan wasan da bai cancanta ba, ko wanda ya buga da sunan wani, ta zama kamar reshe na wasan, har kowane kwamiti yana da masanin dokoki wanda aikinsa ke nan, kuma sau da yawa akan soke sakamako a sake bugawa. Kuɗi kuwa suna nan, ana ba da na sa hannu a farkon kaka, ana ƙara wani abu a ɓoye bayan nasara, kuma ƙungiya mai jama'a tana iya biyan gwaninta abin da ƙaramar ƙungiyar manya ba ta iyawa, shi ya sa waɗansu suka ƙi hawa sama da gangan.

Ta'assubancin addini ma bai tsaya a bakin ƙofar fili ba. Jikokin 'yan Ailan mabiya Katolika, waɗanda yunwa da neman aiki suka kawo kakanninsu, sun kafa nasu ƙungiyoyi da sunaye irin su Harp da Hibs da Celtic da St Roch's da St Anthony's, har ƙaramin gari kamar Blantyre a lokacin yana da ƙungiya biyu, Victoria da Celtic, kowa ya san wadda yake bi. Sai dai gaskiya ta wajabta a ce katangar tana da ƙofofi: McNeill ɗan Katolika ne amma Victoria ya buga wa, Stein kuma ɗan Furotesta ne amma a Celtic ya yi sunansa, abin da ya jawo masa ƙauracewar waɗansu abokansa na garinsu.

Abin da ya fi kome faɗuwa daga riwayar shi ne ramin kansa. Tsoho yakan tuna da cin da aka yi a minti na ƙarshe, ya manta, ko ya ƙi faɗa, cewa rabin masu ihun nan suna tari da ƙurar kwal a huhu. A watan Satumba na 1950, wata uku ko huɗu bayan maƙwabtansu na Cumnock sun je wasan ƙarshe a Hampden, ƙasa mai laka ta ɓurma cikin ramin Knockshinnoch na New Cumnock bayan ruwan sama mai yawa, ta rufe mutane a ciki. Aka ceto 116 bayan kwana biyu ta wani tsohon rami mai cike da iskar guba, goma sha uku kuwa ba su fito da rai ba. Waɗannan su ne jama'ar da ke tsayawa a filin Glenafton Athletic, ƙungiyar New Cumnock. In an san haka, sai a fahimci tsananin ihun da zafin hamayyar, a kuma fahimci abin da ya sa uba, duk da alfaharinsa da ƙungiyar gari, babban burinsa shi ne wani baƙo mai doguwar kwat ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tafi da ɗansa.

Wasan ma ya karɓi nasa haraji. Ƙwallon fata ce mai ɗinki da igiya, in ta sha ruwa ta yi nauyi, ana sa mata kai sau da yawa a kowane wasa. Canjin ɗan wasa babu sai tsakiyar shekarun 1960, don haka wanda ya ji rauni sai a shafa masa soso da ruwan sanyi a tura shi gefe ya yi ta ɗingishi har a tashi. A 2019 masu bincike na Jami'ar Gilasgo, ƙarƙashin Dokta Willie Stewart, suka duba bayanan tsofaffin 'yan wasan manya na Sikotilan fiye da 7,000, suka tarar cewa mutuwa ta cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ta fi yawa a cikinsu da kusan ninki uku da rabi in an gwada da sauran mutane. A shekarar nan kuma McNeill ya rasu bayan ya yi fama da cutar mantuwa. Tun 2009 aka fara wani shiri a yankin Falkirk, wanda daga baya ya bazu ko'ina da taimakon gidan tarihin ƙwallo na Hampden da ƙungiyar Alzheimer Scotland, inda ake tara tsofaffi masu wannan cuta ana nuna musu hotunan 'yan wasa na da, sai a ga mutumin da ba ya tuna abin da ya ci da safe yana jero sunayen goma sha ɗaya na wata ƙungiya ta 1950, daga mai tsaron gida har ɗan gefen hagu. Ashe masu riwayar nan da muke aunawa, da yawansu wannan ne abu na ƙarshe da ya rage a hannunsu, don haka ko mun raunana wani sashe na maganarsu, ya kamata mu yi shi da ladabi.

Watsewar jama'ar ba ta ɗauki lokaci ba. Tashar talabijin ta 'yan kasuwa ta buɗe a 1957, mota ta yi araha, wanda ke Ayrshire ya iya zuwa kallon Rangers ko Celtic ya komo a yini guda. Hukumar birnin Gilasgo ta rushe tsofaffin unguwanni masu cunkoso ta kwashe mutanensu zuwa bayan gari da sababbin garuruwa irin su East Kilbride da Cumbernauld, sai ƙungiyoyin da suka rayu da waɗannan lunguna suka wayi gari ba kowa a kewayensu: Shawfield, wadda ta ɗauki kofi a 1947, da Parkhead da Strathclyde da Bridgeton Waverley da Maryhill Harp duk sun mutu a cikin shekarun 1960. Babban kamfanin ƙera kawunan jirgi na Springburn ya rufe a 1962, shekarar da aka daina tatsar mai daga dutse a yankin Pumpherston. Hukumar kwal ta ƙasa, wadda mahaƙa suka yi murnar kafa ta ranar 1 ga Janairu 1947 suna ganin ramuka sun zama nasu, ita ce ta bi ƙananan ramukan tana rufewa ɗaya bayan ɗaya. Manyan ƙungiyoyi kuma suka koma ɗaukar yara tun suna makaranta suna renonsu da kansu, hanyar da ta bi ta Juniya ta toshe. Masu hankali sun riga sun ga misalin abin da ke zuwa a Glenbuck, ƙauyen da ya fitar da 'yan wasan manya kusan hamsin, ciki har da Bill Shankly da 'yan'uwansa huɗu, amma da aka rufe raminsa a farkon shekarun 1930 ƙungiyar ta mutu, daga baya ƙauyen ma ya bi ta, har aka tone wurin da yake.

Da za a bi wannan qiyasi, da sai a ce duk inda rami ya mutu ƙungiya ta mutu, amma gabashin Ayrshire ya ƙi bin ƙa'idar. Bayan babban yajin aikin mahaƙa na 1984 zuwa 1985, wanda suka yi shekara guda suna yi suka koma ba tare da biyan bukata ba, a daidai lokacin da ake shirin rufe sauran ramukan yankin, Auchinleck Talbot a ƙarƙashin Willie Knox ta ɗauki kofin sau uku a jere, 1986 da 1987 da 1988, abin da ba a taɓa yi ba. A 1989, shekarar da aka rufe ramin Barony da ke bakin Auchinleck, Cumnock ce ta ɗauka. A 1993 kuma Glenafton. 'Yan kallon wasan ƙarshe sun koma 'yan dubbai, har aka bar Hampden aka koma ƙananan filaye irin na Kilmarnock, amma gwargwadon yawan mutanen garuruwan, har yanzu kaso mai yawa ne ke fita. Tun 2007 aka buɗe wa zakarun Juniya ƙofar babban Kofin Sikotilan, inda Talbot ta fitar da Ayr United a watan Janairu na 2019, kuma zuwa 2020 ƙungiyoyin yammacin ƙasar duka sun shiga tsarin da ke ba ƙungiya damar hawa mataki mataki har sama, bayan yawancin na gabas sun riga su. Ta wannan hanya Kelty Hearts da Bonnyrigg Rose, duk na garuruwan kwal, suka kai matakin manya. Kofin Juniya dai an ci gaba da buga shi, Talbot ta ɗauke shi karo na goma sha huɗu a 2022, a shekara ta gaba kuma Cumnock ta karɓe shi ta kai shi mil biyu kudu.